Magulmaciya a Tukunya

Ranar da ya ga ɗigon baƙi a ganyen tumatirinsa, bai gaya wa kowa ba. Ya tsuguna ya tuge na'urar da malaman gona suka kafa a gonarsa, don ita ce a bakin iska. Manoma na kiranta Magulmaciya: ta shinshino cuta, ta kira jirgi marar matuƙi ya ɗauki hoto, washegari a ƙone gonar don a tsirar da na maƙwabta.

Ya kai ta gida, ya soka ta a tsohuwar tukunyar da matarsa ta dasa tumatir guda.

"Malam, wannan fa?"

"Baƙuwa ce. Ki riƙa ba ta ruwa, ta yi mana kyakkyawar shaida."

Kullum da safe wayarsa ta ce gona lafiya lau. Shi kuwa ya yi dariya, ya ce maƙerinta boko ya sani, bai san duniya ba.

Cikin sati uku cutar ta cinye tasa, ta tsallaka ta ƙaninsa, ta gangara har ƙarshen fadama.

Ƙanin ya shigo gidan, hannuwansa baƙi ƙirin da ruɓaɓɓen ganye.

"Yaya, ashe na'urar nan ba ta ce komai ba?"

Ƙanin ya bi inda idon yayansa ke gudu. Ga tumatir ɗaya da ya rage a garin, kore shar, Magulmaciya na ƙyafta fitila a gindinsa, tana faɗin gaskiyar abin da ta gani.