Iyali Kaɗai Ke Shiga

Shekara shida ke nan da aka mayar da Katolika addinin gwamnati, kuma tun daga lokacin duk auren da ba Fada, limamin Katolika, ne ya ɗaura ba ya daina zama aure a takarda. Rifkatu ba ta damu ba, sai ranar da aka kwantar da mijinta Ishaya a asibiti.

Ta ɗora yatsa a na'urar ƙofa. Na'urar ta ce, "Baƙuwa. Iyali kaɗai ke shiga."

"Shekararmu talatin da ɗaya tare," ta ce wa ma'aikaciyar wurin. "Fastonmu ya ɗaura, 'ya'yanmu biyar."

"Mama, ba wanda ya hana ku addininku. Ga shi can a bango, kowa yana da 'yanci."

"Na karanta. Shiga nake so."

Ma'aikaciyar ta rage murya. "Akwai Fada a sama. In kun koma Katolika, yau ɗin nan zai sake ɗaura muku."

Rifkatu ta miƙa kwanon kunun da ta zo da shi. "To kai masa, 'yata, kafin ya huce."

"Abincin ma sai na iyali, Mama."

Ta juya wajen benci. Mata huɗu suka matsa mata wuri, kowace da kwanonta a cinya.