Motar da Ba Ta Sallama

Gwaggo Yalwa, yayar surukina, ita ta ba ni wannan misali. Muna tsinke zogale a tsakar gida ta tambaye ni yaushe rabona da Innata. Na ce wata biyar, amma kullum muna waya, kuma lafiyarta ƙalau. Ta dube ni ta ƙasan ido, ta ce, "Wa ya ce ƙalau ɗin?" Na ce ita da bakinta. Sai ta ture faranti gefe ta ce in saurara.

Ta ce an yi wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi a birni, mahaifiyarsa tana ƙauye, ta ƙi tashi daga ɗakin da mijinta ya bar ta. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya kama hanya ya je gaishe ta. Motarsa tsohuwa ce, salansarta a fashe, tun daga gindin kukar bakin gari ake jin zuwanta. Daga kukar zuwa ƙofar gida kuwa yashi ne, sai an lallaɓa, tafiyar da za a iya dafa shayi a cikinta. To ashe tsohuwar nan tana da gyambo a ƙwauri, ya kusa shekara yana cinta, ta hana kowa ya gaya masa, wai yana da iyali da hidimar kasuwa, kada a ɗaga masa hankali. Da ta ji ƙarar mota sai ta rarrafa ta tashi. Ta ɗaure ƙafar da tsumma, ta saki zani har ƙasa, ta zuba turare a garwashi don ya danne wari, ta gyara ɗankwali, ta jefa goro a baki. Kafin ya yi sallama tana zaune daram a kan tabarma kamar ba abin da ke damunta. Ya ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Ƙalau, sai godiya." Ya ajiye tsaraba, su yi hira, ya tashi da farin ciki. Ƙurar motarsa ba ta gama kwantawa ba take komawa kwance tana nishi.

Ana nan Allah ya buɗa masa. Ya tafi inda ake sayar da motocin manya, irin na wani kamfani da ba ya ƙera ta talaka. Ya tarar an jera su suna sheƙi, ga ƙanana masu kwanciya a ƙasa na yawon birni, ga manyan jif masu tsayi, kuma duk cikinsu babu mai shan fetur, caji ake musu kamar waya. Ya zaɓi jif saboda yashin garinsu. Abin da ke ransa kawai tsohuwa ta ga ɗanta ya zama mutum, ta shiga ya zaga da ita. Bai kawo komai a ransa ba game da shirun motar, don ita ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, sai dai ɗan sautin taya.

Ranar Juma'a ya wuce kukar nan ko kaji ba su watse ba. Ya tsaya a ƙofar gida, ya ratsa zaure, ya yi sallama a bakin ɗaki yana ɗaga labule. Sai ga Inna kwance a ƙasa, kai ba ɗankwali, ƙafa a buɗe ta kumbura ta yi baƙi, tana korar ƙuda da mafici. Kwanon tuwon jiya yana gefe ba a taɓa ba. Ta yunƙura za ta ja zani, hannu ya ƙi kaiwa. Makullin mota ya faɗi daga hannunsa. Ita kuwa abin da ya fara fita daga bakinta shi ne, "Kai, da ƙafa ka zo?" Ya durƙusa ya ɗauke ta cak, ya ji ba ta fi nauyin damin gero ba. Ya kwantar da ita a kujerar baya, tana ta faɗa, wace irin mota ce wannan marar tarbiyya da ke shigo wa mutane gari ba sallama.

A asibiti likita ya ce da an ƙara wata guda, sai dai a yanke ƙafar. Aka wanke, aka yi ta magani, aka gano har da ciwon suga. Ta yi wata biyu a gidan ɗanta, jikoki suna rububin kai mata ruwa. Ƙafa ta warke, ta koma ƙauyenta tana takawa da sanda. Har yau ba ta shirya da motar ba, munafuka take kiranta. Ta roƙe shi in ya iso kuka ya riƙa danna mata oda. Ya ce to, Inna. Bai taɓa dannawa ba.

Gwaggo ta jawo farantin zogalenta ta ci gaba da tsinka. Ta ce, "'Yar nan, uwa ba ta gaya wa ɗanta ciwo, ko a waya ko a kan tabarma. Ki nemi izinin mijinki ki je, kuma kada ki ce mata kina tafe. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce gani ya kori ji."