Tsarin Mama

Mama ta hau kujera ta sauko da kofuna daga saman kabad, ta jera su a tabarma.

"Kowa ya wanke hannu," ta ce, ƙasa-ƙasa. A gidan nan yanzu komai ƙasa-ƙasa ake yin sa.

Tsarin ba shi da wuya. In an tashi a naɗe shimfiɗa, a wanke baki, kowa ya jera takalmansa a bakin ƙofa, hagu a hagu, dama a dama. Sarkin Tambaya, ɗan shekara biyar da bakinsa ba ya hutawa, shi ke ba shukar gwangwani ruwa. Auta ba ta cika uku ba, amma ita ma tana da aikinta: ta kai cokula kwando. Duk wanda ya gama nasa sai a tafa masa. Tafin ma yanzu da yatsu biyu ake yi.

Mama ba ta wasa da tsarin nan, kuma tana da dalili. Ta ga abin da ya faru a gidan maƙwabta bara. Gida ya hargitse, yara suna yawo da majina, sai ga dangi da mota. Aka raba su kamar ana rabon kwanuka, wannan wurin kawu, waccan wurin gwaggo, ƙaramin yana ihu yana riƙe ƙofa. Tun ranar ta sa a ranta cewa muddin aka ga yara tsaf, ba mai shigowa ya yi tambaya. Ba za a raba mata nata ba.

Sabuwar doka ɗaya ce kawai ta ƙaru: ba a zuwa kusa da ɗakin ciki, ba a tashin mai barci.

"Mama, yau ma ba burodi?" in ji Sarkin Tambaya.

"Yau ranar biskit ce."

"Jiya ma ranar biskit ce."

Ta harare shi, ya tsoma biskit ɗinsa a shayi. Shayin bai yi zafi sosai ba. Tun da wuta ta lashe mata yatsa take tsoron rishon, da zarar ruwa ya fara huci sai ta kashe.

Ta ɗauki kofi guda ta kai ƙofar ɗakin ciki, ta ajiye, ta ɗauko na jiya. A cike yake, tururuwa sun yi masa zobe. Ba ta shiga ba. Shigarta ta ƙarshe bargo ta ƙara wa mai barcin, don ta taɓa hannu ta ji sanyi ƙalau. Waya ta yi ta ringi a can ciki har ta gaji ta mutu.

Bayan karin kumallo sai darasi. Ta zazzage murafun kwalba a ƙasa, jajaye gefe guda, koraye gefe guda. Sarkin Tambaya ya zana baƙaƙensa da gawayi a siminti, ya ƙirga har ɗari bai yi tuntuɓe ba.

"Me ke bayan ɗari?"

"Sai ka girma."

"Mama, wari nake ji."

"Ɓera ne ya mutu a rufi." Ta ɗauko maganin sauro ta fesa ko'ina har suka yi tari. Ita kanta tun safe take jin warin, amma ba ta bari fuskarta ta nuna ba.

Da ta waiwaya ba ta ga Auta ba. Can ta hango ta kwance rub da ciki a ƙofar ɗakin, tana aikin da aka koya mata, tana nuna ƙudajen da ke shiga da fita ta ƙarƙashin ƙofa.

"Ɗaya, biyu, biyar."

Mama ta sungumo ta da ƙyar. A daidai lokacin aka buga ƙofar gida.

Maƙwabciya mai sauƙi ce, ta taga ake sallamarta, a ce lafiya lau, ana barci. Wannan bugun daban ne, na wanda ba shi da niyyar tafiya. Mama ta leƙa ta ramin makulli. Malamar makaranta ce, da jakarta a kafaɗa.

Tsoro ya kama ta sosai, amma hannuwanta sun san abin yi. Ta goge wa Auta baki, ta gyara wa Sarkin Tambaya maɓalli, ta zaunar da su a tabarma da murafunsu. Ta sake ɗaura zaninta, wanda sai ya zagaye ta sau biyu yake tsayawa. Ta dubi tsakar gidan. Shara an yi, kofuna an kife, shuka ta sha ruwa. Ba wanda zai ga wannan gida ya ce a kwashe yara.

Ta zare sakata.

Malama ta yi sallama, ta dubi yaran, ta fara murmushi. Murmushin bai kai ƙarshe ba. Ta kai gefen mayafi hanci, idonta ya tsallake su ya tsaya a ƙofar ɗakin ciki. Ta daɗe tana kallo, jakar ta zame daga kafaɗarta ba ta ma sani ba.

Sannan ta durƙusa a hankali, har idonta ya yi daidai da na yarinyar da ta ci sunan kakarta, wadda gida da makaranta kowa ke ce wa Mama.

"Mama, an kwana biyu ba a gan ki a aji biyu ba," ta ce. "Ina mahaifiyarku?"

Mama ta ɗora yatsa a kan giɓin haƙoranta na gaba da ba su gama fitowa ba. "A hankali, Malama, kada ki tashe ta. Cewa ta yi in riƙe mata tsarin kafin ta farka."