Hotuna Ɗari Huɗu

"Sake dubawa, ɗana, don Allah," in ji Hajiya, tana matso da kujerarta kusa da kwamfutar mai hoto.

Sau uku ke nan yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗari huɗu ne, na hutun da ta yi da maigidanta a ƙasar waje. Shekara shida maigidan ya yi yana shirya tafiyar. Sati biyu da dawowarsu, Allah ya karɓi abinsa. Yanzu so take a wanke mata hotonsa ko guda ɗaya na wannan tafiya, ta rataye a ɗaki.

Amma ga ta a bakin teku, ga ta a kan gada, ga ta a cikin jirgin ƙasa, kullum ita kaɗai. Duk sanda ta ce ya kawo wayar ta ɗauke shi, sai ya ce, "Ni da wannan sanƙon? Ke dai tsaya ki yi murmushi."

"Hajiya, wallahi babu shi," in ji mai hoto a hankali.

"Ko gefen kunnensa ne, zan karɓa."

Ya ƙura wa wani hoto ido. "Wannan baƙin tabarau fa, kullum kike sa shi?"

"Shi ya saya min. Ya yi min girma, amma ban taɓa cirewa ba."

Mai hoto ya ƙara girman fuskarta har gilashin ya cika allon. A cikinsa ga wani dattijo mai sanƙo riƙe da waya, yana dariya. Ya buɗe hoto na gaba, yana nan. Na gaba ma haka.

"Hajiya," in ji shi, "wanne zan fara wankewa?"