Gajimaren Farfesa

Auta ta saƙala wa mahaifinta abin sauraro a kunne, ta kunna kwamfuta, ta zauna a bakin gado tana kallon fuskarsa.

Mahaifin nata, Farfesa, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan binciken wata duniya da ke kewaya wani tauraro, can nesa da ranarmu. Duk sanda ta gifta ta gaban tauraron, haske kan ratsa iskarta, daga shi ake karanta yanayinta. Shi dai ya kafe cewa akwai tururin ruwa a iskar, gajimare ne ya lulluɓe shi, kuma wata rana zai yaye. Abokan aiki sun yi masa dariya har sun gaji.

Da ciwon sukari ya cinye masa ido, sai Auta, wadda ta gaje shi a cibiyar binciken, ta riƙa mayar masa da awon hasken zuwa sauti. Gajimare ƙara ce miƙaƙƙiya, kamar kukan firji. In an ga ruwa, sautin zai yi hawa da sauka.

Yau ma miƙaƙƙiya ce.

Ya cire abin, ya ce kamar ta jiya, kamar ta bara. Auta ta ce ai gajimare ba ya sauya murya, ta miƙa masa magani.

Da wannan jiran take lallaɓa shi ya sha, don tsohon ya fi dutse taurin kai. Tun ranar da aka binne matarsa ya gaya mata, yana murmushi:

"Ranar da gajimaren nan ya yaye, Auta, na gama aikina. Sai ki kwashe magungunan nan ki zubar."

Ta yi dariya a lokacin, dariyar da ba ta kai ciki ba.

Shekaru suka ja. Tsofaffin ɗalibansa kan zo gaisuwa da fara'arsu, ita kuwa a ƙofa take sallamarsu, wai likita ya hana hayaniya. Rediyonsa ya lalace, ba a gyara ba. Farfesa ya ɗauka an manta da shi, abin ya ci shi ƙwarai. Ya fara kiran kansa makaho da waiwaye, sarkin aikin banza. Tun yana faɗa da wasa, har ya koma faɗa da hawaye.

Wata safiya ya laluba hannunta ya riƙe.

"Babu ruwa a can, 'yata. Na bar mahaifiyarki cikin kaɗaici a kan wofi, ke ma na ja ki ciki. Ki yafe mini."

Ta zare hannunta a hankali. Ta ce bari ta kawo masa shayi tukuna. Kafin ta dawo, rai ya yi halinsa.

A wurin ta'aziyya shugaban cibiyar ya durƙusa kusa da ita, ya ce ko ba komai Farfesa ya tafi da farin ciki.

"Gaya mini, me ya ce ranar da kika jiyar da shi?"

Auta ta sunkuyar da kai. Tuni gajimaren ya yaye, kowa ya ji sautin ruwan yana hawa da sauka ban da mai shi, don kullum tsohon sauti take maimaita masa, tsoron kada ya cika alkawarinsa.