Gidan Kawu Babu Rumbu

Shekarun da kuɗin fetur suka shigo, Kawu ya samu ɗaya daga cikin sababbin gidajen ma'aikata a Ƙanƙara. Ni na raka Inna, kakata, daga Sheme mu gano.

Ta zagaye gidan tana shafa bangon siminti, ta leƙa har can baya. Sai na ga jikinta ya yi sanyi. Kawu ɗanta ne na fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta juyo gare ni.

"Ke, tambayi mai gidan nan, ina rumbu? Ko fenti za su ci in damina ta yi nisa?"

Kawu ya yi dariya, ya tura wata 'yar ƙofa kusa da kicin. "Inna, nan sito ake ce masa."

Ƙamshin dawa ya buge mu. Ta cusa hannu cikin buhu, ta ɗebo, ta tauna. Har yau ina jin ajiyar zuciyar da ta sauke.

Sai sannan ta yarda ta zauna, ta karɓi ruwa.

"Ce masa ya ɗora buhunan bisa katako. Siminti ba ya da amana."