Jan Zaren Bargo

Shekarar da Ghana ta sami 'yancin kai, Tahidu ya dawo Tamale daga fataucinsa na farko. Ya yi sallama a zauren su Rakiyatu a unguwar Aboabo, riƙe da bargon da ta ara masa.

"Sanyin hamada ba wasa ba ne," in ji shi. "Na wuni da huhun goro a baya, muka kwana a fili bayan garin Gawo. Ba don bargon nan naki ba, da sai dai labarina."

Rakiyatu ta juya bargon a cinyarta. Yana nan a ninke yadda ta ba shi, jan zaren da ta ɗinke bakinsa da shi ko motsi bai yi ba.

Ta tsinke zaren da haƙori. Zoben azurfarta ya faɗo kan tabarma, amsar neman aurenta da ya shekara yana roƙo, wadda ta ɓoye don ya tsinta a daren sanyi.

Tahidu ya sunkuyar da kai.

Ta mayar da zoben yatsanta. "Malam, wadda ta lulluɓe ka a daren nan, gidansu za ka kai goro."